Wandon Inna

Shekara talatin da 'yan kai Inna ta yi tana gaya mini magana ɗaya, ni kuwa ina mayar da ita wasa. Duk ranar da na shiga gidansu a Yelwa, tun ban gama durƙusawa ba za ta ɗago kai daga cikin hayaƙin banda, ta ƙanƙance ido ta ce, "'Yar tudu, ba ki gama ba hwa." In ce, "Inna, ina kwana dai tukuna." Ta ce, "Lahiya lau. Amma ba ki gama ba." Daga nan ta ɓaro mini tsokar tarwaɗa mai zafi ta miƙo, in ci in lashe yatsu, maganar ta wuce sai wani zuwan.

Ba ita ta haife ni ba. Mahaifiyar ƙawata ce, wadda muka zauna benci ɗaya da ita tun aji huɗu na firamare, shekarar da mahaifina ya kwaso mu daga Birnin Yauri ya dawo Yelwa da keken ɗinkinsa. Mu mutanen gona ne. Ruwan da na sani kafin nan shi ne na rijiya da na randa, sai wani rafi da ke ƙafewa da rani. Ranar da ƙawata ta fara kai ni bakin gulbi na ga ruwa iya ganina, sai da na riƙe gefen rigarta. Ita kuwa 'yar masunta ce gaba da baya. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta je gida ta ba uwarta labari. Tun daga ranar sunana ya ɓace a gidan nan, na koma 'yar tudu.

Sana'ar Inna banda ce. Ta sayi kifi a bakin ruwa da sassafe, ta gyara, ta lanƙwasa, ta jera a kan wuta, 'yan kasuwa su zo su kwasa. Gajeruwa ce, baƙa, idanunta kullum jajur saboda hayaƙi, kuma muryarta in ta ɗaga ta sai an ji daga ƙarshen unguwa. Kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Amma ba da kifi aka fi saninta ba. Kowace Alhamis bayan la'asar, ranar da babu makarantar allo, sai ta rufe wutarta, ta ɗauki wani ƙaton gora da igiya da ƙullin wanduna, ta bi gida gida tana kiran 'yan mata. Ba ta tambayar ke 'yar wace ce. 'Ya'yan masunta, 'ya'yan Gungawa, 'ya'yan Kambarin da suka zo aikin albasa, 'yar malamin coci, duk ta tasa mu gaba zuwa wani lungu na ruwa a bayan unguwa, inda ciyawar burugu ta yi tsawo ta kare mu daga idon mutane. A nan take koya mana iyo.

Masunta sun daɗe suna mata dariya. A wurinsu ɗan masunci ba a koya masa ruwa, da abinsa ake haihuwarsa. Gaskiyarsu ce ga yara maza. Su ma 'yan matan suna iyo tun suna rarrafe, sai dai da zarar yarinya ta fara zama mace sai ta daina shiga ruwa. Daga nan har ƙarshen rayuwarta za ta yi ta hawa jirgi zuwa kasuwa da biki da gaisuwar mutuwa, da zane biyu a ɗaure da mayafi, kowa na cewa ai ta iya iyo. Inna ta ce wannan iyon na tsirara ne, kuma ba wadda jirgi ke kifewa da ita tana tsirara.

Ta gora ake farawa. Ki rungume shi ki yi ta dukan ruwa da ƙafa har ki daina ihu. In kin saba sai ta ƙwace goran. In kin iya zuwa wani tsohon kwale-kwale da aka ɗaure a tsakiyar lungun ki dawo, sai ta ba ki wando. Wando ne mai zariya, ya wuce gwiwa kaɗan, da hannu take ɗinka shi da ƙyallayen da ta samu. Dokarsa ɗaya: duk ranar da za ki hau jirgi, ki sa shi a ƙarƙashin zane. Da mahaifina ya ga nawa ya ga ɗinkin kamar an yi da ƙaya, sai ya tausaya mata, ya riƙa tara mata ragowar yadi yana ɗinka mata a keke. Shi ya sa wandunan zamaninmu ƙafa ɗaya shuɗiya ce, ɗaya mai furanni.

Darasin ƙarshe shi ne wanda duk sauran suke kaiwa gare shi. Za ki ɗaura zane biyu da mayafi kamar mai zuwa kasuwa, wandonki a ciki. Inna ta ɗaura miki igiya a ƙugu, ku hau tsohon kwale-kwalen, ki faɗa ruwa inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Sai ta bari zanen ya sha ruwa ya naɗe ƙafafunki, sannan ta daka tsawa, "Saki!" Ki kwance zanen, ki bar shi ya tafi, ki yi iyo ki dawo. In kin yi wannan, ta ba ki kifi guda sukutum ta ce, "Kin gama. Hau duk jirgin da kike so, sauran na Allah na."

Sau ɗaya tak na ji ta faɗi dalili, ranar da wata yarinya ta tambaye ta. Ta zauna a bakin kwale-kwalen tana naɗe igiya, ba ta kalli kowa ba. Ta ce, "Yayata ta hi ni iyo nesa ba kusa ba. Ranar kasuwar Warra jirginsu yah hau kututture, yak kihe. Maza sunka hita. Har wani tsoho da bai iya komi ba anka jawo shi. Ita da anka hiddo ta, hannuwanta biyu na bisa ɗaurin zane, yatsun ba su ɓanɓaruwa. Maza tag gani cikin ruwa, taj ji kunya. Kwana ya ƙare, na sani. Amma sanadin zane na." Ta miƙe ta ce wa ke biye, muka ci gaba.

Ni ban yi jinkirin koyon iyo ba, in faɗi gaskiya. Zuciya gare ni, ba na son a ce 'yar tudu ta kasa. Cikin damina ɗaya na bar gora, na karɓi wandona. Ina da shekara goma sha uku ranar da layi ya zo kaina na darasin ƙarshe. Na ɗaura zannuwan mahaifiyata, na faɗa ruwa da ƙarfin gwiwa. Zanen ya yi nauyi nan take, ya naɗe ni kamar akuyar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Na kai hannu ga ɗaurin ke nan sai na ji ƙarar injin jirgi da muryoyin maza daga bayan ciyawa.

A yau na san jirgin nan yana da nisa, ko kaina ba su hango ba. Amma mahaifiyata mace ce da ko gashin kanta ban cika gani ba, kuma haka ta tayar da mu. Inna ta ce, "Saki!" Hannuna maimakon ya kwance sai ya ƙara damƙewa. Ta sake cewa, "Saki!" Na nutse, na taso, na sha ruwa, na sake nutsewa, ina riƙe da zanen da hannu biyu. Da igiya ta jawo ni. Na kwanta a cikin kwale-kwalen ina amai, 'yan mata na ƙyalƙyala dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wa kike jin kunya? Waɗancan? In kin mutu su ɗin nan za su hiddo ki, su gan ki yadda ba ki so, kuma ba ki da bakin magana."

Maganar ta yi mini zafi fiye da ruwan da na sha. Na miƙe ina tsiyaya na ce, "Ni ba 'yar masunta ba ce, kuma ba jirgi zan aura ba. Ba zan ƙara zuwa ba." A gidanmu da na yi wa babba irin wannan magana da na kwana da tabo. Inna kuwa sai ta kwance igiyar daga ƙuguna a hankali, ta ce, "To. Amma ba ki gama ba."

Ban koma lungun ba. Gidan dai ban daina zuwa ba, don ƙawata na nan, kifi na nan, ita ma Inna ba ta taɓa canza mini fuska ba. Ita ta raka ni asibiti ranar da ƙaya ta maƙale mini a maƙogwaro. Ita ta je ta samu mahaifina lokacin da aka so a cire ni daga makaranta, ta zauna a shagonsa ta ƙi tashi sai da ya yarda in je kwalejin horon malamai. Ranar aurena ta zo da kwandon banda a ka, ta jawo ni gefe ta cusa mini wani ƙulli. Na buɗe na ga sabon wando, ɗinkin hannunta. Na yi dariya, na yi godiya, na jefa shi can ƙasan akwati.

Na zama malamar makaranta a nan Yelwa, a bakin ruwa, kuma na shirya rayuwata yadda ba zan taka jirgi ba. Biki in a gungu ne, wato tsibiri, ko a tsallake, sai in aika da gudummawa in ce ƙafata ke ciwo. Ƙafar nan ta yi ciwo shekara da shekaru, ba ta taɓa hana ni zuwa Kwantagora a mota ba.

Sai na haifi 'yata ta fari. Kamar yadda aka yi mana, haka na yi mata: ba na kiran sunanta, ba na wasa da ita a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, in kuma zancenta zan yi in ce "yarinyar nan". Tana da shekara bakwai Inna ta ce, "Kawo mini ita ran Alhamis." Na ce sai ta ƙara girma. Da ta ƙara girma na ce sai an yi hutu. Da aka yi hutu na ce tana mura. Daga baya ta tafi makarantar kwana, uzurin ya kawo kansa. Inna ta taɓa kallona ta ce, "'Yar tudu, ba a hwahe gora ranar tahiya." Na ce ai yarinyar nan karatu za ta yi, ba su da haɗi da jirgi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron ruwa ya taɓa mini ita, ina kuma jin nauyin ta je lungun nan a ba ta labarin uwarta.

Inna ta tsufa muna gani. Gwiwoyinta suka ƙi, ƙawata ta karɓi shiga ruwa, ita kuma a kama ta a zaunar a cikin kwale-kwale ta riƙe igiya, don tsawar "Saki!" ba ta yarda ta bar wa kowa ba. Da hijabi ya yawaita ta ƙara shi cikin darasi, ta ce shi za a fara cirewa ta kai kafin a taɓa zane. A ƙarshen bazarar da ta wuce ta kwanta kwana biyar, Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

A satin da ta rasu takardar 'yata ta fito. Ta gama makarantar kiwon lafiya, an tura ta wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye a tsallake, wanda sai an je Warra a hau jirgi. Za ta riƙa ƙetarawa duk mako. Wata biyu ya rage ta kama aiki, daidai lokacin da ruwa ke cikowa iska na kaɗa shi. Shekararta ashirin da biyu, ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunta ba. Da wannan takardar a jakata na je zaman makoki.

Ban taɓa ganin mata a gidan mutuwa kamar na gidan nan ba. Daga Shanga, daga Ngaski, daga gungunan da ban san sunansu ba. A rana ta uku wata Bakambara ta shigo, ba wanda ya gane ta. Ta yi gaisuwa da Hausarta mai nauyi, ta zauna. Can sai ta ɗage bakin zanenta har gwiwa, sai ga wando. Ta ce tana yarinya iyayenta sun yi rani biyu a nan suna aikin albasa, Inna ta koya mata. Ta ce shekarun baya jirginsu ya kife da buhuna, tana cikin ruwa ba ta san sama ba ba ta san ƙasa ba, sai ta ji muryar tsohuwar nan a kunnenta kamar tana tsaye a kanta. Ta saki. Ta ce 'ya'ya huɗu ta haifa bayan wannan ranar.

Ba wanda ya ce a yi. Wata daga gungu ta ɗage nata zanen, wata ma ta ɗage. Duk waɗanda suka zo ta ruwa, wando ne a ƙarƙashi, wani sabo, wani ya koɗe ya sha faci. Tsakar gida ta kaure da kuka da dariya a haɗe, har wata tsohuwa ta ce a ji tsoron Allah, gidan mutuwa ne. Ni ina gefe ina ta jan zanena ƙasa ina rufe ƙafa. Ƙawata ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya.

Washegarin addu'ar bakwai na koma gidan na ajiye wa ƙawata takardar 'yata a cinya. Na ce, "Ki koya mata." Ta karanta, ta ninke, ta ce ita fa ta rataye gora. Ta ce dama can wasu mazan unguwa na gunaguni cewa 'yan mata manya na shiga ruwa, nauyin Inna kawai ake ji, yanzu kuwa ba ta nan. Ta ce ta gaji. Raina ya ɓaci, na manta uwarta ta rasa. Na ce, "Duk matan da kika gani sun ɗage zane a gidan nan, gunaguni ne ya fiddo su daga ruwa? Wata biyu gare ni. In ba ki koya mata ba, ba inda za ta, ko da aikin zai salwanta." Ta dube ni da kumburarrun idanu, sai kuma ta yi ɗan murmushi, na farko tun rasuwar. Ta ce, "Ikon Allah. Yau 'yar tudu ka neman ruwa. To na ji. Amma ke za ki riƙe igiya, ni ban iya zama wurin Inna."

Maigidana ya ce mu sayi rigar ruwa mai hana nutsewa kawai mu huta. Muka saya. Ƙawata ta ce rigar na da kyau, ta sa ta kullum, amma wannan yarinyar da ta sani, ranar da ta ga tsohuwa ba riga cirewa za ta yi ta ba ta. Na san haka ne, don ni na haife ta.

Muka fara, ba Alhamis kaɗai ba, kowace rana bayan la'asar. Lungun ya canza, an yanke burugun da yawa an kai wa shanu, jiragen ma sun fi matsowa kusa. Da aka ga mun dawo sai 'yan mata suka fara biyo mu, biyu, biyar, har suka fi goma. Wani dattijo ya tare ni a hanya ya fara wa'azi, na gaishe shi da ladabi na tambaye shi 'ya'yansa mata nawa ke aure a tsallake. Ya ce uku. Na ce Allah ya tsare su, na wuce. 'Yata kuwa ashe ta gaji zuciyata. Sati uku ta bar gora, sati biyar tana zuwa kwale-kwale ta dawo ba haki. Na yi ta jin daɗi a ɓoye, ban nuna mata ba.

Ranar darasin ƙarshe na ɗaura mata igiya da hannuna. Ta faɗa ruwa, ta cire hijabi kamar yadda aka koya mata. Na cika ƙirji na ce, "Saki!" Ba jirgi, ba namiji ko ɗaya, daga mu sai mu. Amma sai na ga hannuwanta sun tafi ga ɗaurin sun tsaya. Na jawo ta. Washegari haka. Rana ta uku haka, kuma kwana tara ya rage ta tafi. Na jawo ta cikin kwale-kwalen tana tari, tsoro ya juye mini ya zama faɗa. Na zazzaga mata maganar Inna kaf, har da su za su fiddo ki su gan ki yadda ba ki so. Yarinyar da ba ta taɓa mayar mini da magana ba, kanta a sunkuye, ta ce, "Mama, ke kin saki?"

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce, "Tun ina ƙarama nake jin Inna na ce miki ba ki gama ba. Na daɗe da sanin ko mene ne." Ƙawata ta juya baya tana gyara goran da ba abin da ya same shi. Na sauka na taka gida a fusace, ina ta tsara abin da zan gaya mata na rashin kunya. Kafin in kai ƙofa na rasa ko ɗaya, don yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Shekara ashirin da biyu ina koya mata rufe jiki da sunkuyar da kai, ko sunanta ban taɓa kira ba saboda kunya, sannan a rana ɗaya ina so ta yar da zane don na daka tsawa.

Da safe na zazzage akwati. Wandon na nan a ƙasa, yana warin ajiya, ɗinkin nan nata mai kama da na ƙaya. Na gwada, ko cinya bai wuce ba. Na zauna a bakin gado na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta ƙare da hawaye. Keken mahaifina yana wurina tun rasuwarsa. Na shimfiɗa wandon Inna a kan wani yadi, na yanka irinsa da faɗin da ya dace da macen da ta haifi biyar, na ɗinka. Sannan na zare zariyar tsohon na zura a sabon.

Ranar Alhamis ce. Na shirya kamar mai zuwa biki, zane biyu da dogon hijabi. Ƙawata ta gan ni ta ce, "Ke, shekara talatin ba ki shiga ruwa ba. Bari mu hwara da gora." Na ce ba ni da lokacin gora. Ta ɗaura mini igiya, ta ja ta gwada har sau biyu. Za ta riƙe ƙarshen na ce a'a, a ba yarinyar nan. 'Yata ta karɓa. 'Yan matan duk sun fito daga ruwa sun jeru, wasunsu ɗalibaina ne, waɗanda nake yi wa faɗa in ɗankwalinsu ya zame. Na yi bisimilla na faɗa.

Sanyin ruwan ya buge ni a ƙirji. Hijabin ya taso ya rufe mini fuska, na yi ta fama har na fizge shi ta kai. Zanen ya sha ruwa ya naɗe ƙafafuna, nauyin nan da na sani ya fara ja na ƙasa. Na kai hannu ga ɗaurin. Sai ga ƙarar inji. Wallahi kamar an aiko shi. Wannan karon kuwa ba nisa, jirgi ne babba cike da buhuna da maza a kai, ya ɓullo ta inda aka yanke ciyawa. Hannuwana suka damƙe da kansu. Abin da ya zo mini shi ne, cikinsu akwai iyayen yaran da nake koyarwa, gobe gari zai ɗauka. Na nutse, na taso, na sha ruwa. Ina jira in ji tsawa daga ƙawata, ashe kuka ya toshe mata murya.

Sai na ji wata murya da ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba. "Mama, saki! Saki!"

Na saki. Zanen farko ya tafi, na biyu ya bi shi. Ƙafafuna suka buɗe, kuma ashe ba su manta komai ba, abin da tsohuwar nan ta zuba musu yana nan. Na yi iyo har na kama gefen kwale-kwale ba a ja igiya ba. Na waiga wajen jirgin. Matuƙin, wani dattijo, ya rage wuta yana zaton wani ne ruwa ya ci. Da ya ga igiya da gora sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da aiki, ɗiyan Inna!" Mazan kuwa duk sun kau da kai suna kallon wancan gefen, jirgin ya wuce abinsa. Abin da na yi shekara talatin ina gudu ke nan.

Ina riƙe da katakon ina haki, na ɗaga kai na kalli 'yata sosai, ido cikin ido. Na kira sunanta, cikakke, da ƙarfi, a gaban kowa. Ta yi turus, don ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Na ce, "Shigo. Ina nan." Ƙawata ta kwance igiyar daga ƙuguna ta ɗaura mata. Ta faɗo kusa da ni, ta cire hijabi, kuma kafin kowa ya buɗe baki na ga zanenta ya taso yana yawo a kan ruwa.

Da muka fito ƙawata ta aika gida aka kawo tarwaɗa biyu. Ta ba 'yata ɗaya, ta miƙo mini ɗaya ta ce, "Kin gama." Na karɓa, na kasa ci. Ba daga bakinta na so in ji ba. Matar da ta jira ni shekara talatin da kifi a hannu, na bari sai da ta kwanta dama da wata biyu sannan na zo. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ban ce wa kaina yana gyaruwa ba.

Ni na raka 'yata Warra ranar da ta kama aiki. Ruwa ya ciko, iska na ɗan kaɗawa. Ta sa rigar ruwanta, ta zauna tsakanin wata mai kaji da buhunan masara. Da aka tayar da inji ta dube ni, ta ɗan ɗage bakin zanenta yadda ni kaɗai zan gani. Na tsaya a wurin har jirgin ya ƙanƙance. Har yau duk ranar ƙetarawarta ba na iya cin abinci sai ta bugo waya.

Goran bai koma rataye ba. Ƙawata na shiga ruwa, ni ina riƙe igiya, keken mahaifina kuma ya koma aikinsa na da. Makonni uku da suka wuce wata yarinya 'yar shekara sha huɗu, 'yar wani ma'aikaci da aka kawo daga wani gari, ta ƙi saki. Na jawo ta, ta miƙe tana tsiyaya ta ce ita ba za ta ƙara zuwa ba, ba kifi ba ce ita. Jiya na gamu da ita a kasuwa wajen masu albasa, ta kau da kai kamar ba ta gan ni ba. Na sha gabanta na ce, "Ba ki gama ba hwa." Ta murguɗa baki ta wuce.

Inna ta fi ni haƙuri, ita ta iya jiran shekara talatin. Ni Alhamis ɗin nan gidan su yarinyar zan je da kaina, kuma na riga na ɗinka wando biyu, ɗaya nata, ɗaya na uwarta.